Peggy Ashcroft: Jarumar Dandamalin Ingila da Duniya Ta Sani a Tsufanta

An haifi Edith Margaret Emily Ashcroft, wadda aka fi sani da Peggy Ashcroft, ranar 22 ga Disamba, 1907, a Croydon da ke kudancin Landan. Tana da shekara goma mahaifinta ya kwanta dama a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ta koyi wasan kwaikwayo a makarantar Central School of Speech and Drama, inda ta yi zamani da Laurence Olivier, sannan ta fara hawa dandamali a birnin Birmingham a 1926.

Wasan da ya fito da ita fili shi ne Othello na Shakespeare, wanda aka nuna a gidan wasa na Savoy a Landan a 1930. Ta fito a matsayin Desdemona, matar wani janar baƙar fata, shi kuwa janar ɗin Paul Robeson ne, fitaccen mawaƙi kuma ɗan wasa Ba'amurke baƙar fata. A wancan zamani Turawa ne ke shafa baƙin fenti a fuska su taka wannan rawa, don haka ganin baturiya da baƙar fata na gaske a matsayin mata da miji ya harzuƙa wasu, har suka riƙa aika mata wasiƙun zagi. Ashcroft, mai shekara 22 a lokacin, ba ta janye ba, kuma abin ya buɗe mata ido kan wariyar launin fata.

A 1935 ta taka rawar Juliet a wasan Romeo and Juliet, inda John Gielgud da Olivier suka riƙa musayar matsayin Romeo a tsakaninsu. Bayan ta fito a Hedda Gabler na marubucin Norway, Henrik Ibsen, a 1954, Sarkin Norway ya ba ta lambar yabo. Sarauniya Elizabeth ta Biyu kuma ta ba ta muƙamin girmamawa na Dame a 1956.

Ashcroft ta fi yarda da ƙungiyar 'yan wasa mai ɗorewa, wadda ake aiki tare shekara da shekaru, a kan neman suna na kai. Shi ya sa da Peter Hall ya tashi kafa ƙungiyar da ta zama Royal Shakespeare Company a garin Stratford a 1960, tana cikin manyan 'yan wasa na farko da suka mara masa baya. A nan ne ta yi aikin da ake ɗauka gagarumi a rayuwarta: a 1963, tana da shekara 55, ta fito a matsayin Sarauniya Margaret a jerin wasannin The Wars of the Roses, tun daga budurcinta har ta zama tsohuwa mai cike da ɗaci da neman fansa.

Fim bai dame ta ba sosai, ko da yake ta yi ɗan ƙaramin matsayi a The 39 Steps na Alfred Hitchcock a 1935. Sai a 1984 masu kallo a faɗin duniya suka san fuskarta, ta hanyar shirin talabijin The Jewel in the Crown da fim ɗin A Passage to India, dukansu kan mulkin mallakar Birtaniya a Indiya. Fim ɗin ya kawo mata kyautar Oscar a 1985, tana da shekara 77.

Ta rasu a Landan ranar 14 ga Yuni, 1991, bayan ta yi fama da shanyewar ɓarin jiki. Tun 1962 aka buɗe gidan wasa mai ɗauke da sunanta a Croydon, mahaifarta.