Kaburburan Maijirgi a cikin aji

A Maijirgi, cikin gundumar Tasawa, akwai kaburburan Turawa biyu, Voulet da Chanoine. A 1899 suka ja rundunar Faransa zuwa Tafkin Chadi, suna ƙona garuruwa, suna kashe jama'a, kamar yadda suka yi a Birnin Ƙonni. Da aka aiko Kanal Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli. Cikin kwana uku sojojinsu suka kashe su duka biyun.

Haddar waɗannan ranaku ba ta nuna wa yaro mene ne yaƙi, amma fim yana iyawa. Sarraounia na Med Hondo (1986), daga littafin Abdoulaye Mamani, ya nuna turjiyar Lugu. A African Apocalypse (2020) kuwa, jikokin waɗanda abin ya shafa ne ke magana da bakinsu.

Malaman Tasawa da Mayahi, ku fara kallo kafin yara, ku tsallake wuraren da suka yi musu nauyi. Iyaye, ku haɗa su da tsofaffi su ji labari, su zana shi. Sannan a tambaye su: sojojin nan baƙaƙen fata ne, me ya sa suka bi umarni watanni kafin su ƙi?