Mota na wahalar tashi: Yadda ake gano matsalar kafin a sayi kayan gyara

Injin fetur mai injekta na buƙatar abubuwa huɗu kafin ya tashi: juyawa da ƙarfi, tartsatsin fulogi a kan lokaci, man fetur mai isasshen matsi, da iska. Kwamfutar motar ce ke auna man, bisa bayanan da sensoshi ke aika mata. Wanda ya san wannan zai iya tambayar makanike hujja kafin ya biya kuɗin sabon famfon mai.

Idan injin na juyawa da ƙyar

A fara da batir. Cikakken batir yana nuna kusan volt 12.6, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba yayin da ake yin kik. Tsatsa a kan batir ko sako-sakon waya na kawo irin wannan alama.

Idan yana juyawa amma ya ƙi kamawa

A murɗa makulli ba tare da yin kik ba, a kasa kunne: famfon da ke cikin tanki yakan yi ƙara na daƙiƙa 2 zuwa 3. Idan shiru, a duba fiyus da rile tukuna. Idan ya yi ƙara, a auna matsin man. Yawancin injinan da ke fesa mai a bakin bawul na aiki da ba 3 zuwa 4. Idan kuma babu tartsatsi, abin zargi shi ne kwayil ko sensan karanshaf.

Sanyi ko zafi

Wahalar tashi da asubar hunturu takan nuna sensan zafin ruwa, domin inji mai sanyi na buƙatar ƙarin mai. Wahalar tashi bayan injin ya yi zafi kuwa takan fito daga nozul mai ɗiga. Idan murɗa makulli sau uku kafin kik na sa motar ta tashi nan take, matsin mai ne ke zurarewa yayin da take ajiye.

Na'urar bincike

Motocin da aka sayar a Amurka tun 1996, da na fetur a Turai tun 2001, suna da kafar OBD a ƙarƙashin sitiyari. Lambar P0335 na nuni ga layin sensan karanshaf, P0340 ga na kamshaf. Lambar tana nuna inda za a bincika ne. Waya ce kan tsinke wani lokaci, sensan kuma lafiya lau.

Ingancin mai

A Fabrairun 2022 hukumar NMDPRA ta tabbatar da shigowar fetur mai yawan sinadarin metanol Najeriya, masu motoci da dama suka koka da lalacewar inji. Tun bayan cire tallafi a Mayun 2023, direbobi da yawa na yawo da tanki kusan fanko, alhali man ne ke sanyaya famfon. Idan matsalar ta fara bayan shan mai, musamman na 'yan bumburutu, a zuba kaɗan a kwalba: ruwa yakan kwanta a ƙasa.