Kuɗin Rockefeller da Binciken Aikin Mishan a Karkarar Amurka, 1921-1934

Bayan Yaƙin Duniya na Farko, ɗarikun Kirista na Furotesta a ƙasar Amurka suka haɗa kai cikin wata babbar ƙungiya mai suna Interchurch World Movement. Nufinsu shi ne su ƙidaya majami'u da ma'aikatansu, gida da waje, su kuma tara fiye da dala miliyan 300 domin aikin. Kuɗin bai taru ba, ƙungiyar ta rushe cikin 1920, ta bar tulin takardun bincike ba mai duba su. Attajirin nan John D. Rockefeller ƙarami, wanda ya ke ɗan ɗarikar Baftis ne, shi ya ɗauki nauyin ceto su. Cikin 1921 aka kafa wani kwamiti da kuɗinsa, John R. Mott ya zama shugaba, sa'an nan cikin 1923 aka mai da shi Cibiyar Binciken Zaman Jama'a da Addini.

Aikin farko ya faɗa kan ƙauyuka. H. N. Morse da Edmund Brunner suka tattara bayani daga gundumomi 179, suka zurfafa cikin 25 daga cikinsu, suka buga littafinsu cikin 1923. Abin da suka gano shi ne majami'u sun yi wa ƙauyuka yawa. Ƙauye guda sai a iske ɗariku da dama, kowace da ɗan ɗakinta da 'yan mabiyanta, fasto kuwa yana zaune wani gari, sai jefi-jefi ya ke leƙowa. Wannan magana ta yi daidai da ra'ayin mai ba da kuɗin, gama shi mutum ne mai son a haɗe ɗariku, a daina ɓarnar dukiya wajen gasa.

Al'amarin 'yan asalin ƙasar, watau waɗanda Turawa suka laƙaba wa sunan Indiyawa, shi ya fi nauyi. Wani ɗan mishan, G. E. E. Lindquist, ya shugabanci binciken filayen da gwamnati ta keɓe musu, littafinsa The Red Man in the United States ya fito cikin 1923. Wanda ya rubuta gabatarwa shi ne Charles Burke, Kwamishinan Al'amuran Indiyawa, a shekarar nan kuwa Burke ya aika da takardar umurni ta taƙaita raye-rayensu na gargajiya. Tambayar da aka tafi da ita ita ce, ina aikin bishara bai kai ba, me kuma ya tare masa hanya? To, wanda ya tafi da wannan tambaya lalle al'adun mutane za su zame masa cikas a ido. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Amma bayan shekara 5 kuɗin gidan Rockefeller ɗin nan ya haifi wani rahoto dabam. Lewis Meriam ya jagoranci masana, cikinsu har da Henry Roe Cloud, mutumin kabilar Winnebago, shi ma fasto ne. Rahotonsu na 1928 ya tona yunwa da cuta da cunkoso da aikin wahala da yara su ke sha a makarantun kwana na gwamnati, ya kuma shawarci 'yan mishan su fara fahimtar addinin mutane kafin su nemi sāke shi. An sāke tambaya, an sa ɗan gida cikin masu yin ta, amsa ta sāke. Wannan rahoto yana cikin abubuwan da suka share hanya ga dokar 1934 wadda ta mayar wa kabilun wani sashi na ikon mulkin kansu.

Ita ma Cibiyar ta gamu da amsar da ba ta nema ba. Ta aiki Robert Lynd da matarsa Helen garin Muncie su duba halin addini, sai suka komo da bayanin rayuwar garin duka, har da ratar da ke tsakanin masu dukiya da 'yan ƙodago. Cibiyar ba ta buga shi ba, wani kamfani ya fitar da shi cikin 1929 da sunan Middletown, ya kuwa fi dukan littattafanta suna. Cikin 1934 Rockefeller ya janye hannunsa, Cibiyar ta rufe.

Wannan tarihi ya shafi masu nazarin Hausa. J. H. Oldham, sakataren Majalisar Mishan ta Duniya wadda Mott ya ke shugabanta, yana cikin waɗanda suka kafa Cibiyar Harsuna da Al'adun Afirka a London cikin 1926, ya kuma samo mata kuɗin gidan Rockefeller. Da shi S. F. Nadel ya yi bincikensa a ƙasar Nufe, daraktanta Diedrich Westermann kuwa shi ya rubuta bayanin Hausawa da harshensu a farkon ƙamus ɗin Bargery na 1934. Saboda haka malamin da ya ɗauki littafi irin na zamanin nan, ya kamata ya san wanda ya biya kuɗinsa, da tambayar da aka ba marubucin, da kuma ko an ji ta bakin mutanen da aka rubuta a kansu.