Inda Hannu Ya Saba: Nazarin Menu a Fuskar Kwamfuta

Kafin menu ya zama ruwan dare, duk mai son kwamfuta ta yi masa aiki sai ya haddace umarninta. A tsarin MS-DOS da ya fito a 1981, allo baƙi ƙirin ne, babu komai a kansa sai ɗan layi yana ƙyaftawa, yana jiran a rubuta masa abin yi. Wanda ya san kalmar kwafar fayil ya kwafa. Wanda ya ɓata harafi ɗaya kuwa, na'urar ta ce ba ta san zancen ba. Menu ne ya juya lamarin: kwamfuta ta jera abin da ta iya, mutum ya duba ya zaɓa. Hujjar da masana suka saba kawowa ita ce, gane abu idan an gan shi ya fi tuno shi da ka sauƙi nesa ba kusa ba, kuma Jakob Nielsen ya sanya wannan cikin ƙa'idojinsa goma na tsara manhaja a 1994.

Hujjar gaskiya ce, amma halin sabon shiga kawai ta bayyana. A tsaya bayan mai buga takardu a shagon bakin jami'a, a lura da hannunsa. Kibiyar linzami takan isa inda za ta tun jerin bai gama buɗewa ba, idonsa ma rabi yana kan takardar da yake kwafa. Ba karanta menu yake yi ba. Wuri ya riƙe: na farko daga hagu, na huɗu daga sama. Abin da wannan nazari ke son nunawa shi ne, menu aiki biyu yake yi lokaci guda. Yana koyar da baƙo ta ido, yana yi wa gwani hidima ta sabo, kuma aikin na biyu ya dogara kacokan kan kowane umarni ya zauna inda aka san shi. Yawancin rigingimun da aka yi kan menu tun daga ƙarshen shekarun 1990, daga raina wannan sharaɗi suka taso.

Asalin abin daga cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya ne. A can, cikin shekarun 1970, masu aikin Smalltalk suka yi menu mai ɓullowa daidai inda kibiya take. Apple ya bi wata hanya a kwamfutar Lisa ta 1983 da Macintosh ta 1984: layi guda a ƙololuwar allo ɗauke da kanun jeri, wanda aka danna ya sauko. Windows, da ta fito a 1985, ta ba kowace taga layinta. Sannu a hankali jerin ya daidaita, File a farko, Edit na biye, Help a ƙarshe, kuma ƙa'idojin CUA da IBM ya fitar a 1987 sun taimaka wajen kafa shi. Tare da haka akwai ƙananan al'adu da mutane ke bi ba tare da an taɓa faɗa musu ba. Ɗigo uku a ƙarshen umarni na nufin za a ƙara yi maka tambaya kafin a aikata. Shi ya sa Save As yake da su. A gefen dama an rubuta gajeriyar hanya irin Ctrl+S, don mai yawan buɗe jerin ya haddace ta ya huta. Umarnin da ba zai yi aiki ba a halin da ake ciki, kamar Paste idan ba a kwafi komai ba, sai ya dusashe ya yi toka-toka. Da an ga dama da an cire shi ɗungurungum, amma da na ƙasa sun matso sama, hannu ya sauka kan abin da bai nufa ba. Ashe tun farko masu ƙirar sun san darajar wuri.

Saɓanin Apple da Microsoft kan inda layin zai zauna yana da tushe a kimiyya. A 1954 Paul Fitts, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya auna yadda hannu ke kaiwa ga abin da ya nufa, ya nuna cewa lokacin ya danganta da nisan abin da kuma faɗinsa. Hannu yakan taho da gudu, sannan ya rage ya daidaita, kuma ƙaramin abu ya fi cin lokacin daidaitawa. Gefen allo yana da wata baiwa a nan: kibiya ba ta iya wuce shi, komai ƙarfin da aka tura linzami da shi. Don haka layin Macintosh, duk da siririntakarsa, ba ya buƙatar saiti ta sama, a tura kawai a tarar an iso. Layin da ke cikin taga kuwa sai an saita, in an zarce a komo. Kusurwoyi huɗu sun fi ko'ina, tunda gefe biyu ne ke tare kibiya. Abin mamaki, maɓallin Start na Windows 95 yana dab da kusurwar hagu ta ƙasa, amma an bar 'yar tazara tsakaninsa da gefen allo, wanda ya kai kibiya can ƙurya ya danna bai danna komai ba. Sai daga baya aka toshe wannan giɓi.

Duk da haka ba a ce Apple ya ci gari ba. Macintosh ta farko allonta inci 9 ne, ɗigo 512 a kwance, 342 a tsaye. A allo mai inci 27 tafiyar daga ƙaramar taga zuwa ƙololuwa ta yi tsawo, ga shi layi ɗaya ne ke yi wa dukan manhajoji aiki, yana sauyawa gwargwadon tagar da ke gaba. Ubuntu ta ɗauko wannan salo a fuskarta ta Unity a 2011, sai a 2014 ta ba mutane damar mayar da menu kan tagarsa. Menu na danna maɓallin dama na linzami, jikan na Smalltalk, ba shi da matsalar nisa ko kaɗan, sai dai babu abin da ke nuna wa baƙo cewa yana nan.

Sai batun yawa da zurfi. Ana yawan jin cewa wai kada jeri ya wuce abubuwa bakwai, ana jingina maganar ga maƙalar George Miller ta 1956 kan yawan abin da ƙwaƙwalwa ke riƙewa na ɗan lokaci. Jinginawar ba ta zauna ba, domin shi kan abin da ake riƙewa da ka ya yi magana, menu kuwa a gaban ido yake. Wanda ya gwada abin kai tsaye wani Miller ne daban, Dwight Miller, a 1981. Ya tsara kalmomi 64 ta hanya huɗu: biyu-biyu hawa shida, huɗu-huɗu hawa uku, takwas-takwas hawa biyu, da kuma duka a shafi guda. Takwas-takwas hawa biyu ne ya fi sauri da ƙarancin kuskure. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kowane hawa canki ne kan yadda wani mutum can ya rarraba abubuwa a ransa. A Word 2003, mai son gyara shafi ɗaya tak zai nemi girman takarda a ƙarƙashin File, lambar shafi a ƙarƙashin Insert, rubutun saman shafi da na ƙasansa kuma a ƙarƙashin View. Babu hankalin da zai kai baƙo can sai lalube, in ya samu kuma wurin ne zai haddace, ba hikimar rabon ba.

Zurfi yana wahalar da hannu ma. Idan ƙaramin jeri ya buɗe a gefe, hanya mafi kusa zuwa abin da ake so a karkace take, amma da kibiya ta goga layin ƙasa sai jerin ya rufe, wani ya buɗe. Johnny Accot da Shumin Zhai sun nuna a 1997 cewa bin siririyar hanya da kibiya yana cin lokaci gwargwadon tsawonta da ƙuncinta. Windows ta magance abin da jinkiri, tana ɗan dakatawa kamar sulusin daƙiƙa da ɗoriya kafin ta sauya jeri. Macintosh kuwa tana lura da inda kibiya ta dosa: muddin tana tafiya wajen jerin da ke buɗe, sai a bar shi a buɗe. Dabarar ta biyu ta fi kyau a ganina, domin ba ta sa kowa jira.

Gwajin da ya fi fito da batun wuri fili shi ne na Office 2000. Umarnin Word sun yi yawa, jerin sun yi tsawo, sai Microsoft ya yi menu mai koyon halin mai shi. Da farko gajeren jeri ake nunawa na abubuwan da aka fi taɓawa, sauran a ɓoye, sai an danna wata 'yar kibiya a ƙasa ko an ɗan jira su bayyana. Abin da aka daɗe ba a taɓa ba ya ɓace, wanda aka taɓa jiya ya shigo. A takarda tunanin ya yi ma'ana. A aikace kuwa tamkar a riƙa shiga madafin uwargida kowane dare ana sauya wa gishiri da daddawa wuri ne, da sunan ana matso mata da abin da ta fi amfani da shi. Wanda bai ga abin da yake nema a gajeren jeri ba sai ya karanta sau biyu, domin idan dogon ya buɗe sababbin suna kutsawa ne tsakanin tsofaffin. Malamin kwamfuta ba zai iya ce wa ɗalibi na uku daga sama ba, tunda allon kowa daban. A 2004 Leah Findlater da Joanna McGrenere na Jami'ar British Columbia a Kanada sun gwada jeri tsayayye da mai sauya kansa da wanda mutum ke shirya wa kansa, suka tarar tsayayyen ya fi mai sauya kansa sauri. Salon da ya tsira shi ne mai ladabi, irin na jerin nau'o'in rubutu a Word: a kwafi 'yan kaɗan da aka taɓa kwanan nan a ɗora a sama, a bar cikakken jerin yadda yake.

Office 2007 ya watsar da wannan tsari, ya kawo faffadan layi mai hotuna da ake kira Ribbon. Gwanaye sun yi ƙorafi, kuma suna da hujja, don sabon shekaru ne ya tashi a banza dare ɗaya. Amma shi sabon tsarin tsayayye ne, kuma an bar tsofaffin hanyoyin maɓallin Alt na Office 2003 suna aiki ga wanda yatsunsa suka haddace su. Ƙorafin ya lafa da aka yi sabon sabo. Wanda bai lafa ba shi ne na cire menu ɗin buɗe manhajoji. GNOME 3 ta 2011 ta kawar da jeri ukun nan na saman allo da mutanen Linux suka saba da su, sai ga MATE da Cinnamon sun fito don dawo da tsohon yayi. Windows 8 ta 2012 ta maye gurbin Start da shafi mai cika allo, mutane suka koma sanya manhajojin wasu kamfanoni don su dawo da shi, har Windows 10 ta mayar da shi a 2015.

Amsar da masu ƙira suka fi bayarwa a yau ita ce akwatin nema: danna maɓalli, rubuta haruffa uku, abin ya fito. Ga wanda ya san sunan abin da yake so, babu abin da ya kai shi sauri. Sai dai wannan komawa ce ga haddar zamanin MS-DOS ta bayan gida, kuma haddar da harshen da kwamfutar ke magana da shi. Apple ya samo matsakaiciyar hanya tun 2007: idan ka rubuta kalma a akwatin Help, sai ya buɗe jerin da umarnin yake ciki ya nuna maka shi da kibiya, ka samu biyan buƙata ka kuma koyi wurin.

A nan ne batun ya taɓa mu kai tsaye. Akasarin kwamfutocin Kano da Ingilishi suke, na Maraɗi da Damagaram da Faransanci. Mai buga takardu na Kano da ya zauna gaban kwamfutar Maraɗi zai iya ajiye fayil ya buga shi ko da bai san Faransanci ba, domin Fichier yana zaune inda File yake, na ƙarƙashinsa ma a jere suke yadda ya sani. Yatsunsa ne za su yaudare shi: a Word na Faransanci Ctrl+G ne ke kaurara rubutu maimakon Ctrl+B, madannan ma A da Q sun yi musayar wuri. Akwatin nema kuwa ba zai tsinana masa komai ba sai ya san kalmar da yadda ake rubuta ta.

Fassara menu zuwa Hausa, wadda Windows ta taɓa yi, tana sauƙaƙa karatu, amma tana da nata tarkon. Jerin da aka tsara bisa bin haruffa yakan watse idan sunaye suka sauya, kuma wanda ya koyi aikin daga littafin Ingilishi zai nemi kalmar da ba ta kan allonsa. A Linux ana iya ganin yadda abin yake daga ciki. Kowace manhaja tana da ɗan fayil na rubutu zalla, bisa ƙa'idar freedesktop, mai ɗauke da sunanta, da rukunin da za ta shiga a menu, da kalmomin da akwatin nema zai gane ta da su. Rukunin ba a fassara shi a cikin fayil ɗin, don haka manhajar ofis tana nan cikin kayan ofis ko da wane harshe ake. Suna da kalmomin nema kuwa kowane harshe yana da layinsa, na Hausa da alamar ha. Mai fassara yana iya jera kalmomi da yawa a layin neman, ya sa ta Hausar littafi, ya sa ta bakin shago irin su firinta da sikana, ya bar ta Ingilishi da ta Faransanci a gefensu.