Wace Ce Ta Asali? Mai Dije da Neman Waƙar Gargajiya a Bukukuwan Gure

Akwai buƙatar da ke yawan zuwa wa mai dije a wajen biki, galibi daga iyaye mata ko dattawan gidan ango: a sa musu waƙar wane, amma ta asali. Sai ya duba kwamfutarsa ko katin memorinsa ya tarar da waƙar har huɗu ko biyar, duka da suna ɗaya. Wata minti uku ce, wata ta haura ashirin. Wata kalangu ne tsantsa, wata an ɗora mata kiɗan fiyano. Wadda ya zaɓa ita za ta cika fili ko ta mayar da mutane kan tabarma. Wannan nazari ya ɗauki garin Gure ya duba matsalar, kuma hujjarsa ita ce waƙar baka ba ta da asali guda ɗaya da za a tono a huta. Abin da ake nema shi ne ɗaukar da ta dace da taron, kuma gane ta aiki ne da a da makaɗi ke yi da idonsa, yanzu ya faɗo kan wanda ba shi da ikon canza ko kalma ɗaya a cikin waƙar.

Gure tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram zuwa Diffa, kimanin kilomita 170 gabas da Damagaram. Ita ce tsohuwar cibiyar ƙasar Muniyo ta Mangawa, reshen Barebari, kuma a fadar Muniyoma, wato sarkin Muniyo, ne matafiyi Heinrich Barth ya yada zango a ƙarshen 1852, a zamanin da ƙarfin Damagaram ke bunƙasa ƙarƙashin Tanimun. A yau Mangawa da Hausawa da Tubawa da Fulani da Buzaye da Larabawa suna cin kasuwa ɗaya, Hausa kuma ita ce harshen da ke haɗa su. Biki ɗaya yana iya tara dangin uwa masu jin Barbarci, dangin uba Hausawa, da surukai daga daji. Kunnuwan da mai dije ke yi wa aiki ke nan.

Masana waƙar baka sun daɗe da bayyana yadda ake gina ta. A tsarin da Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka, waƙa tana da gindi, wanda 'yan amshi ke maimaitawa, tana kuma da ɗiya, waɗanda jagora ke jerawa. Gindi da kiɗa su ne ke zama daram. Ɗiya kuwa suna ƙaruwa, suna raguwa, suna sauya wuri, gwargwadon wanda ke zaune a gaban makaɗi da abin da ya faru a makon. Dandatti Abdulkadir ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana a 1975 a kan Mamman Shata, mawaƙin da aka sani da ƙirƙirar ɗiya nan take a fagen wasa. Bakandamiyarsa ma, wadda ita ce ya fi yi wa kansa kirari a ciki, ɗauka daban-daban gare ta a hannun mutane, kuma ba wadda za a ce sauran jabu ne. Abin da Albert Lord ya bayyana ke nan a 1960 game da mawaƙan baka na ƙasar Yugoslabiya: mawaƙi zai rantse waƙa ɗaya ya rera jiya da yau, alhali kalmomin sun bambanta, kuma gaskiya ya faɗa, domin a wurinsa waƙa ita ce turke da karin murya da kiɗa.

Saboda haka kowane faifai ko kaset hoton rana ɗaya ne a rayuwar waƙa. Na'urar da aka ɗauka da ita ma ta sa hannu a siffarta. Faifan garmaho ba ya ɗaukar abin da ya wuce kusan minti uku a kowace fuska, don haka makaɗi ya zaɓi ɗiya kaɗan ya bar saura. Gidajen rediyo, wato Rediyon Nijar da aka kafa a 1958, wanda ya zama Muryar Sahel, da Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, sun ba da fili mafi tsawo, amma a ɗaki ne, ba masu liƙi, ba guɗa, kuma makaɗi ya san hukuma na saurare. Kaset mai minti 60 ko 90 shi ne ya fara kamo waƙa a inda take rayuwa, da hayaniyar jama'a da sanƙira yana shelar kyauta. Wayar hannu ta zo ta tattara dukkan waɗannan ta zuba a kati ɗaya, ta goge musu shekara da wuri. Dattijuwar da ta ce a sa mata ta asali, mafi yawan lokaci tana nufin wadda kunnenta ya saba da ita tana budurwa, wadda rediyo ya yi ta maimaitawa. Wannan ma'auni ne na gaskiya, kuma wajibi ne mai dije ya girmama shi, sai dai yana sauyawa daga tsara zuwa tsara, daga gari zuwa gari.

Inda lamarin ya fi nauyi shi ne sunaye. Waƙar Hausa ta gargajiya cike take da mutane: wanda aka yi wa ita, iyayensa da kakanninsa, barorinsa, waɗanda suka ba da doki ko riga, da kuma waɗanda aka yi wa zambo. A waƙar fada, irin ta Musa Ɗanƙwairo ko Ibrahim Narambaɗa ko Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram, yabon sarki yana tafiya tare da muzanta abokan hamayyarsa, ko da ba a kama suna ba. 'Yan gari sun san da wa ake. Makaɗi mai rai idan ya shigo fili ya hango jikan wanda aka yi wa zambo, sai ya tsallake ɗan waƙar, ko ya juya shi ya zama yabo. Lasifika ba ta da ido. Ɗaukar rediyo mai minti biyar tana iya wucewa lafiya, ɗaukar biki mai minti ashirin ta waƙar nan dai ta fito da ɗan da zai sa wani gida ya tashi ya bar wurin.

A Gure wannan yana da wata fuska ta tarihi. Waƙar fada da ke jera nasarorin kakannin sarkin Damagaram abin alfahari ce a unguwannin Birni ko Zango na Damagaram. Amma Muniyo tana cikin ƙasashen da Damagaram ta rinjaya a ƙarni na 19, kuma jikokin gidan sarautar Muniyo suna nan da ransu. Waƙa ɗaya ce, jin ta ya bambanta da tafiyar sa'o'i kaɗan a mota. Haka kuma wasan barkwanci, wanda UNESCO ta sanya na Nijar cikin gadon al'adun duniya a 2014. Tsokanar da ke tsakanin Babarbare da Bafulatani tana da daɗi idan daga bakin mutum ta fito, ana ganin murmushinsa, ana iya rama masa. Idan ta fito daga na'ura da ƙarfi, ba wanda za a mayar wa martani, sai ta rasa abin da ya sa ta zama wasa. A ganina mai dije da bai saurari ɗauka daga farko har ƙarshe ba, bai kamata ya sa ta a gidan mutane ba, komai shaharar mawaƙin.

Waƙoƙin mata suna da nasu tarkon. Amadar Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, har yanzu tana tayar da fili a yinin biki, kuma habaicin kishiya na cikin abin da ya sa mata ke son ta. A bikin budurwa mai shiga gidan da ba kowa, raha ce. A bikin da uwargida ke zaune da danginta a gefe guda, zaɓin ɗauka ya zama zaɓin ɓangare. Sannan kowane mataki na biki da abin da yake so: waƙar sa lalle daban, ta wankan amarya daban, ta rakiya mai sa kuka daban. Waɗannan a da ba su da mawaƙi sananne. 'Yan mata da gwaggonni ke yin su da tafi ko ƙwarya, kowace unguwa da yadda take juya su. Da zarar wani ɗakin ɗaukar waƙa a Kano ya gyara ɗaya ya fitar, ita ce ke zama wadda kowa ya sani, ta unguwa kuma ta fara zama kamar kuskure a kunnen yara.

Sai batun kiɗa, wanda na'ura ke ɓatawa ba tare da an lura ba. Kaset yana tafiya da gudun santimita 4.76 a daƙiƙa. Idan batirin rikoda ya yi sanyi lokacin ɗauka, zaren ya tafi a hankali, to in an saurara da na'ura mai lafiya sai waƙar ta yi sauri, murya ta siranta. Kwafi a kan kwafi yana ƙara wannan lahani, kuma yawancin tsofaffin waƙoƙin da ke yawo a waya daga irin waɗannan kaset aka juyo su. Ga kalangu ko kotso, waɗanda ke kwaikwayon hawa da saukar muryar Bahaushe, sauyin ya shafi abin da gangar ke faɗa. Manhajojin dije irin su VirtualDJ kuma an gina su ne a kan kiɗan da bugunsa ba ya sauyawa, alhali makaɗan gargajiya suna farawa a natse su ƙara wuta yayin da rawa ta yi zafi. Wannan ne ya sa matasa masu dije ke fifita ɗaukar fiyano, irin wadda ta mamaye kasuwa tun bayan fim ɗin Sangaya: tana da tsabta, tana da ƙarfi a lasifika, tana haɗuwa da waƙar gaba ba tangarɗa. Ba na ganin laifi a sa ta ga 'yan mata da samari. Amma ƙafar dattijuwa ta san inda ganga ke jinkirtawa ta jira ta, kuma idan ba ta ji wurin ba, ba za ta tashi ba.

Duk wannan game da waƙoƙin da ɗaukarsu ta yi yawa ne. Matsalar Gure ta biyu kishiyar wannan ce. Kasuwar waƙa ta Kano tana da ɗakunan ɗauka da 'yan kasuwa da miliyoyin masu saye, kuma kayanta na shigowa ta Damagaram da ta Nguru da Gashuwa. Kiɗan ganga da algaita na Mangawa, da waƙoƙin Tubawa, ba su taɓa samun irin wannan kasuwa ba. Abin da ke hannun mutane galibi ɗaukar waya ce a wajen biki, da iska da surutu a ciki. Idan mai dije ya jera ta kusa da waƙar Kano mai sheƙi, sai ta ji kamar ta gaza, ya cire ta. Ta haka ake iya yin biki a tsakiyar Muniyo a tashi ba a ji kiɗan Muniyo ba.

Tarihin Malam Maman Barka ya nuna wani ɓangaren. An haife shi a Tesker, wadda ta daɗe a ƙarƙashin gundumar Gure kafin a ba ta tata a 2011. Malamin makaranta ne da ya yi suna a Nijar da gurmi. A 2002 ya tafi yankin tafkin Chadi ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, a wajen Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe. Faifan da kamfanin World Music Network na Ingila ya fitar masa a 2009 na biram ne, kuma shi ne mai nema zai fi saurin samu a manyan dandalin sayar da waƙa. Barkan da mutanen gabashin Nijar suka sani a rediyo da talabijin kuwa mai gurmi ne. Ya rasu a 2018. Wanda aka ce ya sa waƙar Barka, ya ɗauko abin da intanet ta fara miƙo masa, zai iya sa ɗauka mai inganci ta mutumin da aka nema, amma ba ita aka roƙa ba.

Kayan bincike na zamani ba sa warware wannan. Shazam da makamantansa suna gane takamaimiyar ɗauka ce da ke cikin rumbunsu, ba sa gane waƙa idan an sake rera ta. Sunayen fayil kuma ba abin dogaro ba ne; wanda ke tura waƙoƙi a rumfar caji yakan rubuta sunan mawaƙin da ya fi shahara a kan duk abin da ya yi kama da nasa. Christopher Kirkley, wanda ya fitar da tarin Music from Saharan Cellphones a 2011 daga waƙoƙin da ya kwafa a katunan waya a Kidal ta Mali, sai da ya bi sawu kafin ya gano masu wasu daga cikinsu. Hanyar da ta fi aiki ita ce tsohuwa: mai dije ya je gidan biki kafin ranar, ya kunna wa uwar biki abin da yake da shi, ya tambayi ko amarya ta fari ce, su wane ne surukai, wane harshe dangin uwa ke ji. Tsofaffin masu sayar da kaset da ma'aikatan rediyo da maroƙan gari suna iya gane ɗauka daga sunan mai kyauta guda da aka ambata a ciki, su faɗi garin da aka yi ta.

Rumbunan ajiya suna nan: na gidan rediyon ƙasa, na cibiyar IRSH, na CELHTO da aka kafa a Yamai a 1968, da na cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya. Dukkansu nesa suke da mai dije na Gure, kuma ba don shi aka tsara su ba. Abin da ya fi kusa shi ne ɗalibai na Jami'ar André Salifou ta Damagaram da gidajen rediyon al'umma su ɗauki makaɗan Muniyo da ke raye da na'ura mai kyau, a rubuta sunan makaɗi da gari da shekara da wanda aka yi wa waƙar, a yi doguwar ɗauka don ajiya da gajeriya don fili. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijar ta 2010 ta haɗa da kayan al'adun gargajiya, hukumar BNDA kuma ita ke karɓar haƙƙin masu fasaha, don haka irin wannan ɗauka mai suna da shekara ita ce za ta ba makaɗi ko magadansa abin da za su nuna idan wani ya ɗora wa waƙarsu fiyano ya sayar.