Yadda cunkoso ke tsufar da gungun taurari

Galaksi, wato gungu mai ƙunshe da biliyoyin taurari irin rana, ba kasafai yake zaman kaɗaici ba. A wasu sassan sararin samaniya ɗaruruwansu ko dubbai kan taru a dandazo guda, inda ƙarfin jan juna ke riƙe da su.

Dandazon Coma, mai galaksi fiye da 1,000, yana cikin waɗanda aka fi nazari. Haskensa kan yi tafiyar shekaru sama da miliyan 300 kafin ya iso duniya. Akasarin galaksi da ke tsakiyarsa jajaye ne, masu tsofaffin taurari, waɗanda suka daina haifar sababbi tun da daɗewa.

Me ya hana su haihuwa?

Daga iskar gas mai sanyi taurari ke samuwa. To amma sararin da ke tsakanin galaksi a cikin dandazo cike yake da wata iskar mai zafin miliyoyin digiri.

A shekarar 1972 James Gunn da Richard Gott suka bayyana cewa idan galaksi ya kutsa cikin wannan iska da gudu, takan share masa tasa iskar, kamar yadda guguwa ke kwashe ƙaiƙayi daga masussuka. Tsofaffin taurarin suna nan, amma abin yin sababbi ya tafi.

Hangen baya

Da yake haske na ɗaukar lokaci, duban nesa duban zamanin da ya shuɗe ne. A 1978 Harvey Butcher da Augustus Oemler suka lura cewa dandazon da ke nesa sun fi na kusa yawan shuɗɗan galaksi, kuma shuɗi alama ce ta taurari masu ƙuruciya.

Hujja mafi ɗaukar hankali ta zo ne a 2018, daga na'urorin hangen nesa na ALMA da ke ƙasar Chile. Sun hango galaksi 14 a cunkushe, a wani dandazo mai tasowa da ake kira SPT2349-56, lokacin da sararin samaniya ke da shekaru kimanin biliyan 1.4 kacal.

Wasunsu na haifar taurari da saurin da ya ninka na galaksinmu, Milky Way, har sau 1,000. Lissafin kwamfuta ya nuna cewa daga bisani za su haɗe su zama ƙaton galaksi guda, irin waɗanda ke zaune a tsakiyar Coma.