Yadda A-kori-kura Ta Gaji Jan Gidan Tafi-da-gidanka A Amurka

Duk wanda ya bi manyan hanyoyin Amurka a watannin zafi, musamman ran Jumma'a da la'asar sa'ad da ma'aikata suka tashi hutun ƙarshen mako, ba zai rasa ganin motocin a-kori-kura ba, kowace tana jan wani dogon akwati mai tagogi wanda a cikinsa akwai gado da murhu da makewayi da tankin ruwa, har ya zaci cewa tun fil azal abubuwan nan biyu tare aka yi su. Alhali kuwa haɗuwarsu ba ta daɗe ba, domin tirelar tafi-da-gidanka ta yi kusan shekara hamsin bisa hanya motar shiga ce ke jan ta, a-kori-kura tana can gona tana dakon taki da ciyawa, kuma abin da ya haɗa su daga baya bai rasa nasaba da rikicin man fetur ba, da wata doka ta majalisa, da kuma, ko da yake abin zai ba mai karatu dariya, gardama a kan naman kaji.

Asalin al'adar daga Ingila yake. A cikin 1885 wani likitan sojan ruwa ɗan Sikotilan mai suna William Gordon Stables, wanda ya bar aiki ya koma rubuta littattafan yara, ya sa wani kamfanin kekunan doki na Bristol ya ƙera masa ɗaki bisa ƙafafu huɗu, ya ɗaura wa dawaki biyu, ya ɗauki mai kora su da mai yi masa hidima, ya nufi arewa har ƙasar iyayensa, ba don fatauci ko gudun wata musiba ba, sai don shan iska kawai. Mutane masu kwana cikin keken doki sun riga shi, amma su sana'a ce ko rashin matsuguni ya fitar da su, shi kuwa yana da gidansa gine ya rufe ya fita. Malamai sun raba hukuncin muƙimi da na matafiyi tun da daɗewa, kowanne da abin da aka sauƙaƙa masa. Stables shi ya fara neman ya haɗa daɗin biyun a lokaci guda, kuma kafin 1907 ta fita masu koyi da shi sun yi yawan da suka kafa ƙungiyarsu.

A Amurka mota ce ta buɗe ƙofar. Bayan da Henry Ford ya fito da Model T a cikin 1908, talaka mai ɗan hali ya sami abin hawa, ya kuma tarar da cewa masaukin baƙi na birni ya fi ƙarfin aljihunsa, sai ya riƙa ɗaure tanti a gefen mota yana kwana inda dare ya yi masa. Manya ma suka shiga, domin Ford da kansa da Thomas Edison da Harvey Firestone sun yi shekaru suna fita daji tare, da masu dafuwa da 'yan jarida a bayansu, har Shugaba Harding ya kwana a sansaninsu a cikin 1921. Na ƙasa kuwa suka kafa ƙungiya a Tampa ta jihar Fulorida a cikin 1919, alamarsu gwangwanin abinci da ake liƙawa a hancin mota, saboda abincin gwangwani ne galibin guzurinsu.

Wanda ya mai da tantin nan ɗaki sosai ba injiniya ba ne. Arthur Sherman masanin ƙwayoyin cuta ne a Detroit, kuma an ce wata rana ruwan sama ya yi masa dukan tsiya yana fama da kafa tantin da aka sayar masa bisa alkawarin cewa cikin 'yan mintoci ake ɗaga shi, iyalinsa suna zaune cikin mota suna kallo. Da ya koma gida sai ya sa kafinta ya yi masa akwatin katako mai tsawon ƙafa tara, da gadaje da murhu a ciki, wanda ba ya bukatar a kafa shi ko a naɗe. A cikin 1930 ya kai shi bajen kolin motoci na Detroit yana neman kimanin dala 400, kafin 1936 kuwa kamfaninsa, Covered Wagon, ya zama mafi girma cikin ɗaruruwan da suka tsiro a sana'ar. Zamanin na matsin tattalin arziki ne, mutane da yawa sun rasa gidajensu, har wani mashahurin mai hasashen kasuwa, Roger Babson, ya yi bushara cewa cikin shekara ashirin rabin jama'ar Amurka a tirela za su zauna. Ilmin gaibu sai Allah, hasashen bai tabbata ba.

Abin lura a wannan zamani shi ne duk mai ƙera tirela motar iyali yake dubawa kafin ya sa guduma, domin ita za ta ja. Shi ya sa Wally Byam, mai kamfanin Airstream, ya rungumi dabarar Hawley Bowlus, wanda ya shugabanci aikin ƙera jirgin saman da matuƙi Lindbergh ya ƙetare teku da shi, ya yi jikin tirela da alminiyum, ya lanƙwasa shi don iska ta zame, ya sayar da ita dala 1,200 a cikin 1936, kuɗin da ya ɗara na motar da za ta ja ta. Byam mutum ne mai son a gani, ya ja ayari zuwa Meziko a cikin 1951, sa'an nan a cikin 1959 ya kwaso tirela 41 ya ratsa Afirka daga Kef Tawun zuwa Alƙahira. Amma don wannan tafiya motocin dako masu ƙarfi ya nema, domin ya san motar shiga ba za ta fita daga laka da rairayi ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ya mai da tirela mazaunin ma'aikatan masana'antun makamai, bayansa kuma sana'ar ta rabu biyu, wasu suka koma yin masu faɗin ƙafa goma waɗanda ake ajiyewa wuri ɗaya kamar gida, wasu suka tsaya ga na yawo. A cikin 1954 aka fitar da wani wasan silima wanda Lucille Ball da mijinta Desi Arnaz suka fito a matsayin ango da amarya da suka sayi tirela maimakon gida, kuma duk abin da ke samun sabon mai saye har yau yana ciki: sun je da niyyar ƙarama sun dawo da mai tsawon fiye da ƙafa talatin, ala tilas suka sake mota don tsohuwar ba za ta iya ba, angon ya yi baya da ita ya rushe wa dangin amarya gefen gida, amaryar kuma tana tsintar duwatsu a kowane zango don tunawa, ta ɓoye su cikin tirela bayan an ce ta zubar, sai da suka hau wani tsauni mai tsananin gangare asirinta ya tonu. An yi shi don ban dariya, amma mas'alar da ya kama ita ce ta gaskiya, wato cewa mai gida ba ya iya barin kayansa, mota kuwa tana da haddin da ba ta ƙetarewa.

Motocin iyali na wancan lokaci manya ne, injinsu mai silinda takwas, jikinsu bisa firam na ƙarfe, ƙafafun baya ke turawa, saboda haka jan tirela bai fi ƙarfinsu ba, musamman da aka ƙago wata irin mahaɗa mai sandunan ƙarfe da ke mai da wani kaso na nauyin zuwa ƙafafun gaba. Dokar 1956 ta Shugaba Eisenhower kuma ta shimfiɗa musu manyan hanyoyi na mil 41,000. A-kori-kura kuwa, tun daga wadda Ford ya fara sayarwa dala 281 a cikin 1925, motar manomi ce da magini, benci ɗaya gare ta mai tauri, babu wurin yara, kuma mai mutunci a unguwa ba ya ajiye ta ƙofar gidansa.

Sai 1973 ta zo, ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai saboda yaƙin da ya ɓarke a yankinsu a watan Oktoba na shekarar, layuka suka yi tsawo a gidajen mai, majalisa ta yi doka a cikin 1975 cewa lalle motocin shiga na kowane kamfani su kai mil 27.5 da galan guda kafin 1985. Kamfanoni suka rage musu jiki, suka ƙanƙance inji, suka mai da jan zuwa ƙafafun gaba, kafin 1996 ta fita General Motors ya daina yin manyan motocinsa na iyali masu firam, waɗanda ke cikin na ƙarshe daga zuriyar masu jan tirela. Amma dokar ta sassauta wa motocin dako bisa hujjar cewa kayan sana'a ne, kuma tun 1964 akwai harajin kashi 25 cikin ɗari da Shugaba Johnson ya ɗora wa irinsu na ƙasashen waje, ramuwar gayya ga Jamus da Faransa da suka tsawwala wa kajin Amurka kuɗin fito, harajin da har yau ba a ɗauke shi ba. Kamfanonin Detroit suka ga inda riba take babu abokin takara, suka ƙara wa a-kori-kura kujerun baya da ƙofofi huɗu da na'urar sanyaya iska, har ta zama motar kai yara makaranta. A ganina ba zaɓin masu yawo ba ne ya kawo wannan, gado ne ya faɗo wa a-kori-kura domin duk sauran magada sun mutu.

Da mai ja ya ƙara ƙarfi sai abin ja ya ƙara ƙiba. Masana'antun Elkhart ta jihar Indiyana, inda ake yin mafi yawan tirelolin ƙasar, suka shiga sa ɗakuna masu zamewa waje idan an tsaya, da firji irin na gida da talabijin, kuma a cikin 2021, lokacin da annobar korona ta sa mutane gudun otal da jirgin sama, an fitar da gidajen tafiya fiye da 600,000, galibinsu na ja, da yawa kuma zuwa hannun waɗanda ba su taɓa jan ko amalanke ba. Kamfanonin mota suka yi ta gasar adadi, kowanne yana iƙirarin tasa ta fi ja, kowanne da ma'auninsa, sai da ƙungiyar injiniyoyin mota ta tsara gwaji guda a cikin 2008, wanda a cikinsa dole mota ta hau hawan madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona, kimanin mil 11, cikin zafin da ya kai digiri 38, da na'urar sanyi a kunne, ba tare da gudunta ya faɗi ƙasa da mil 40 a awa ba. Toyota ya fara bi a cikin 2011, manyan Detroit sai wajen 2015.

Duk da haka adadin da ake talla da shi ba shi ne ke kama sabon mai saye ba. Ƙa'ida ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka bisa mahaɗar, domin idan ya gaza haka, wato kaya sun taru a baya, da zarar babbar mota ta wuce da iskarta sai wutsiyar ta fara lilo, lilon yana ƙaruwa da gudu, har ya kai ga kifar da duka biyun. Kamar mangalar jaki ne, ba yawan kaya kaɗai ke ka da shi ba, har da inda aka aza su. Wannan nauyi kuwa daga cikin abin da motar ke iya ɗauka ake cire shi, wanda aka rubuta a 'yar takarda jikin ƙofar direba, inda mai talla ba ya nunawa. Alal misali, motar da aka ce tana jan laba 10,000 tana iya zama laba 1,500 kaɗai take ɗauka. Idan tirelar ta kai laba 7,000 da ruwanta da kayanta, kimanin 900 za su hau mahaɗa, mahaɗar kanta ta ci kusan 100, saura 500 ke nan ga maigida da uwargida da 'ya'ya da itacen wuta. Dillali yana faɗin nauyin tirelar tana wayam, kafin a zuba ruwa, wanda kowace lita kilo guda ce, kafin a sa tukunyar gas da batir.

Saboda haka tsofaffin hannu suke yi wa sabon shiga wasiyya da ya fara zuwa ma'aunin manyan motoci da ke tashoshin direbobi, ya auna gatarin gaba da na baya da na tirela kowanne daban, ya koyi kama birkin tirelar da hannu idan ta fara lilo maimakon ya taka na mota, ya kuma sami fili babu kowa ya koyi yin baya, yana riƙe sitiyari ta ƙasa, inda hannu ya nufa nan wutsiya za ta nufa. Da yawa sukan dawo daga ma'aunin nan su tarar sun wuce haddi, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke komawa neman ƙaramar tirela. Mafi yawa wajen dillalin mota suke nufa, su ba da ƙaramar tasu, su karɓo babba mai injin dizal, su ƙara bashin shekara shida ko bakwai bisa wanda suka riga suka ci na tirela.